Kafaɗar Na'ibi

Na'ibi maƙwabcina ne a unguwar Karantina da ke Jidda, kwano ɗaya ya raba ɗakunanmu. Yana goye aka zo da shi daga Sudan. Mahaifinsa bai taɓa neman takardar zama ɗan ƙasa ba, kullum cewa yake bayan hajjin baɗi za a koma gida. A Jidda muka binne shi.

Dako Na'ibi yake yi a tashar jiragen ruwa. Idan an kawo kankana, 'yan dako sukan yi layi suna miƙa wa juna. Shi ba ya bin layi. Daga bakin ruwa yake cilla ta zuwa hannun wanda ke cikin mota, kuma ba ta fashewa.

A 1961 wani Ba'amurke na wani kamfanin gine-gine ya tsaya yana kallonsa. Mutanen nan suna da ƙwallonsu mai tsawo kamar ƙwai, da hannu ake jefa ta, sansani da sansani suke karawa kowace Juma'a bayan la'asar. Mai jifa suke nema. Kamfanin ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, aka yi masa iƙama, takardar izinin zama, aka rubuta mai gadi. Bai taɓa tsaron ƙofa ba.

Aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallon, ya ja da baya, ƙatti na rugowa kansa, ya jefa wa mai gudu can nesa. Shekara shida yana haka. Mukan tsaya bayan shingen waya muna kallo. Ba mu san dokar wasan ba, amma mun san muddin hannun nan na tashi, ba mai tambayar Na'ibi takarda.

Wata Juma'a mutum uku suka faɗa masa a kafaɗar dama. Ya tashi yana murmushi, ya ƙarasa wasan. Kamfanin na da likita, sai dai a unguwarmu an san wanda ya shiga ɗakin likita da ciwo ba kasafai ake sabunta masa iƙama ba.

Matarsa Zakiya ta ce, "Baban Mastura, ka je wurin likitansu mana."

Ya ce, "Likita rubutawa yake yi. Wanzami ba ya rubutu."

Ya tafi unguwar Nuzla wurin Abdulghani wanzami. Aka yi ƙaho, bai ji sauƙi ba, aka sa ƙarfe mai zafi wuri uku. Ni ne nake tsayawa kusa da shi a masallaci. Na ga inda hannun yake tsayawa idan za a yi kabbara.

Bayan wasa biyu su ma mutanen kamfanin suka gani. Ba su sallame shi ba. Suka ce ya koya wa Othman, wani direbansu ɗan unguwar Mahjar, wanda shi ɗan ƙasa ne, ba ruwansa da kafili.

Na ce masa, "Na'ibi, ba dole ne mutum ya koyar da komai a shekara ɗaya ba."

Ya ce, "Yaya, idan na rage masa wani abu, yadda suka hau ni haka za su hau shi."

Daga bayan waya kana jin muryarsa.

"Yalla ya Othman! Ƙwallo ce, ba tulun surukarka ba, sake ta!"

"Ya ustaz, hannuna ya mutu."

"Da ƙugu ake jifa. Hannu rakiya kawai yake yi. Sake!"

Ya koya masa inda ake ɗora yatsu, da yadda ake gane wanda zai rugo tun daga tsayuwarsa. Abin da ya fi nanatawa shi ne yadda ake faɗuwa a ɓangaren hagu.

A shekara ta biyu Othman ya cinye sansanonin duka. Wata guda bayan nan iƙamar Na'ibi ta ƙare. Magatakardan ofis ya miƙo masa takardunsa bai ɗago kai ba, ya ce halas, shi ke nan, sati biyu ya bar ƙasar. Othman ya shiga har wurin manya yana roƙo. Suka ce mai jifa ɗaya ya ishe su.

Zakiya da 'yarsu Mastura suka koma hannun yayanta, shi yana da takarda. Na'ibi ya hau jirgin Bur Sudan, garin da bai san kowa ba.

Wasiƙa ɗaya ta zo bayan wata bakwai. Ya tambaya ko an sa Mastura makaranta. Mun ba da amsa, ba mu san ko ta isa ba.