Hannun Hagun Sailuba

Kofunan da ƙanwata Sailuba ta fasa a rayuwarta sun isa a buɗe teburin mai shayi. Tun muna yara a Gwammaja ake ce mata Sarkin Ɓarna. Muka girma, muka zo Amurka, ta yi aure, ta aurar da ƴa, yau shekarunta hamsin da ɗaya, sunan nan bai sake ta ba. In ta zuba shayi sai ya zube, in ta yanka albasa sai ta haɗa da yatsa, rubutunta kuwa kamar tonon kaza. A gidan kula da tsofaffi da take aiki a Beltsville kowa na son ta saboda haƙurinta, amma ko can ba a ba ta tiren abinci ta ɗauka.

Ni na san dalili, don da hannuna aka yi. Bahaguwa aka haife ta. Mahaifinmu ya rasu tana shekara biyar, Kawu Maitama, yayan mahaifiyarmu, ya ɗauke mu ya riƙe. Ranar da ya ga ta karɓi alli da hagu, sai ya yago bakin wani tsohon zani ya miƙo mini.

"Fauzia, ɗaure mata hannun nan a ƙugu. Kada ki kwance sai an kira azahar."

Shekarata tara. Na ɗaure. Kullum da safe ni ke ɗaurewa, har shekara biyu, kuma na iya ƙulli, har yabona ake yi. Daga baya ba a ƙara bukatar ƙyalle ba. Har gobe in Sailuba za ta shiga ɗakin da akwai babba, za ka ga hannun hagunta ya tafi bayanta da kansa ya ɓuya. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita. Kawu kuma shi ne ya fara zuwa Amurka karatu a jami'ar College Park, ya zama injiniya, ya yi mana hanya muka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san mu ya san ba ma ɗaga masa murya.

Bara da bazara wata abokiyar aikinta, Debbie, ta ja ta zuwa wasan da suke kira eyasof. Manya ne da hankalinsu suke shiga daji ranar Asabar, su rabu gida biyu, su yi ta harbin juna da bindigogin roba masu aiki da batir. Harsashin ƴan ƙwallayen roba ne farare, ba su kai ƙwayar wake ba. Wanda aka samu ya ɗaga hannu ya ce an same shi, ya fita. Da ta gaya mini na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, ke da ba ki iya riƙe ludayi ba?

Ranar farko ta ari bindiga a filin, ta ɗora a kafaɗar dama kamar kowa. Gwangwani goma aka jera mata, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Debbie ta lura tana ta karkato da kai tana leƙen saiti da ɗaya idon. Sai ta sa ta haɗa hannuwa biyu ta bar ƴar kafa a tsakani, ta kalli wata bishiya ta kafar, ta rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ashe idonta na hagu ne mai gani daidai. Debbie ta ce ta mayar da bindigar ɗaya kafaɗar. Sailuba ta ce mini ta daɗe a tsaye, tana waige-waige kamar mai shirin sata. Sannan ta mayar. Gwangwani bakwai ta kayar a jere.

A mota, a wurin ajiye motocin filin, ta kira ni tana kuka. "Yaya, ashe ni ba sakarya ba ce."

Na ce network ne ba kyau.

Da ta tashi sayen tata, ni na kai ta shagon. Na zaci minti goma za mu yi, sai da muka cinye awa biyu. Mai shagon ya fara miƙo mata wata doguwa baƙa, ya ce ita aka fi saye. Ta ɗaga, ta ce ta yi nauyi ta gaba, kafin a yi rabin wasa kafaɗarta za ta sage. Ya kawo ta biyu, gajera mara nauyi. Ta riƙe da hagu, ta lalubi makullin da ke hana kunama tashi, sai ga shi a gefen da babban yatsan mai dama ne kawai zai kai. Mutumin ya ce ba komai, bahagwai da yawa suna sabawa, ko kuma ta koyi harbi da dama, ai abu ne mai sauƙi.

Na ga fuskarta ta canja. Ta ajiye bindigar a kan kanta a hankali, ta ce masa da Turanci ta shekara arba'in da biyar tana sabawa, ta gama. Ko ya kawo wadda aka yi don hannunta, ko mu tafi wani shagon.

Sai ga ta uku ta fito daga ciki. Makulli ta kowane gefe, maɓallin sakin gidan harsashi ta kowane gefe, gindinta kuma ana ja ana turawa har ya yi daidai da tsawon hannun mutum. Ta ɗora a kafaɗa, ta kwantar da kunci, ta kunna makulli ta kashe ya fi sau ashirin da babban yatsanta na hagu. Ni dai ina tsaye ina kallon yatsan nan. Ban taɓa sanin yana da sauri haka ba. Ta haɗa da tabarau mai rufe ido ruf ba kafa, da abin kare baki da haƙora, da ƴar safar da ake sa wa bakin bindiga in an fito daga fili, da doguwar jaka mai kwaɗo. Mai shagon ya ce wasu suna cire robar nan mai launin ruwan lemo da ke bakin bindigar, alamar ta wasa ce, don ta fi kama da ta gaske. Ta ce masa ya dube ta da kyau, baƙar mace da ɗankwali, ita za ta so abinta ya yi kama da na gaske?

Tun daga nan Asabar ɗinta ta zama ta daji, Lahadi bayan azahar kuma ta gyara. Takan shimfiɗa tsohon tawul a teburin kicin, ta cire batir, ta zazzage gidan harsashi don kada sifirin ya gaji, ta naɗa ƙyalle a tsinken gogewa ta zura cikin bututun har sai ya fito fari. Man silikon kawai take ɗigawa, ta ce sauran mai cin roba yake yi. Ƙananan kusoshi takan jera su a murfin kwalba. Matar da ta ƙarar mana da kofuna, ko kusa ɗaya ba ta taɓa ɓata mata ba.

Ba a daɗe ba magana ta fita. Debbie ta ɗauke ta hoto a fili, ta sa a waya, Furera da muke zuwa masallaci ɗaya da ita ta gani. Abin da Furera ta gani kuwa, duk mutanenmu na garin Hyattsville sun gani. Aka yi ta cewa girma ya zo hankali bai zo ba, wai tana neman jawo wa Musulmi magana. Masu faɗin haka, wallahi, rabinsu ba su iya hawa bene biyu ba tare da haki ba. Na tare wa ƙanwata faɗa a wurin suna har sau biyu, sai da aka ba ni haƙuri.

Amma da Kawu ya kira ni ya ce in zo in kai shi gidanta, sai kawai na ce to. Ya haura tamanin, yana dogara sanda. Na ɗauko shi ranar Lahadi daga Hyattsville, muka nufi gidanta a Beltsville.

Muka same ta a kicin, tawul a shimfiɗe, bindiga a wargaje. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa da hannun dama, na hagun yana baya. Ya zauna ya daɗe yana kallon teburin.

"Sailuba, kin san ƙasar da muke ciki? Ɗan sanda ya gan ki da wannan, kina tsammanin zai tsaya tambaya?"

Tsoro ne a muryarsa, na gaske, kuma ni ma ina da irinsa.

"Na sani, Kawu," ta ce. "Shi ya sa ba ta fita daga gidan nan sai a jaka, da kwaɗo, a but ɗin mota. Ba batir a ciki, ba harsashi. Ko a wurin ajiye motocin gidan nan ban taɓa buɗe ta ba. Maƙwabtana ba su san ina da ita ba."

"Idonki fa?"

Ta miƙa masa tabaran. Injiniya ne, ya juya shi, ya danna gilashin da yatsa, ya karanta ƴan lambobin da ke gefe. Ya tambayi ƙarfin harbin, ta ce ana aunawa a bakin fili kafin a bar kowa ya shiga. Duk abin da ya jefo, ta amsa. Na fara jin sanyi a raina, na ce an wuce wurin.

Sai ya zaro wayarsa daga aljihu, ya buɗe hoton, ya ajiye a kan tawul ɗin.

"To, na ji. In ma wasan za ki yi, ki yi shi kamar ƴar mutane. Da hagu, Sailuba? A gaban duniya? Duk wahalar da na sha a kanki?"

Ashe abin da ya taso da tsoho daga gida ke nan.

Ta fito da hannun daga bayanta, ta ɗora a kan teburin, yatsu a buɗe.

"Kawu, ka riƙe mu, ba zan taɓa mantawa ba. Da dama nake cin abinci, da dama nake gaishe ka, da dama zan ba ka ruwa har ƙarshen raina. Amma wannan ma Allah ne ya ba ni. Na shekara arba'in da biyar ana ce mini Sarkin Ɓarna, ina dariya tare da masu faɗa. Ba zan mayar da ita dama ba."

Bai saba a ce masa a'a ba. Ya buga sanda a ƙasa, bai ko kalle ta ba, ya juyo gare ni. Muryar nan ce dai ta tsakar gidanmu na Gwammaja.

"Fauzia, yi mata magana."

Sailuba ma ta juyo. Kallon da take yi mini da safe in na nufo ta da ƙyalle, shi ta yi mini, ba ta roƙo, jira kawai take. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai kuma haushin kaina ya biyo baya.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Na ɗaure mata hannu a da, ba zan ƙara ba."

Na ja kujera na zauna kusa da ita. Kwalbar man silikon tana gefena, na ɗauka, na tsallake hannunta na dama da ke kusa da ni, na miƙa wa na hagun.

"Ƙarasa aikinki," na ce.

Ta karɓa, a gaban Kawu. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a inda take so, ko kaɗan bai zuba a tawul ba.