Da Na Bari Ladi Ta Tsallake Ta

Na zauna a Kumasi, na zauna a Omdurman, na saurari tsofaffi suna ba jikoki labari da harsuna daban-daban. Duk inda na je don barci ake yin tatsuniya. Kakata Iya kaɗai na sani ta yi wata don ta hana ɗanta barci.

Gidanmu a Minna yana kusa da tashar jirgin ƙasa, inda Baba yake aikin gyaran layin dogo. Ina ɗan shekara tara zazzaɓi ya kama ƙanwata Hajara. Kwana uku tana sambatu, a ciki ta ambaci sunan Ladi, maƙwabciyarmu mutuniyar Kuta mai sayar da tukwane, wadda ta taɓa ba ta gasasshiyar doya. Nan take unguwa ta yanke hukunci: Ladi mayya ce, ta kama kurwar yarinya. Aka shirya da safe za a jawo ta ta tsallake Hajara. In ta ƙi, sai duka.

Baba ɗan farin Iya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ce masa kada ya yi. Bayan magariba sai ta tara mu bakin murhu, alhali ba mai marmarin tatsuniya a cikinmu. Baba yana zaune bayan zana da sanda a cinya.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta, da murya sama da yadda ta saba. "Mai kunne ya tara."

Wai a wani gari awaki suka riƙa mutuwa. Aka lura wata tsohuwa tana wucewa ta bakin garke, aka kore ta. Awaki ba su daina mutuwa ba. Aka ce ai maƙeri ne, don idonsa ja. Aka kore shi. Haka aka yi ta kora har gari ya rage mutum biyu da akuya ɗaya. Ranar da akuyar ta faɗi, kowannensu ya laluba wuƙarsa yana kallon ɗan'uwansa.

Nan Iya ta tsaya da labarin, ta shiga gyara itace.

"Iya, to wane ne mayen?" na tambaya.

"Kai angona, ina can ne? Ni dai abin da na ji, ba wanda ya taɓa bin awakin nan ya ga me suke ci."

Ba wanda ya yi dariya. Daga ɗaki muna jin nishin Hajara.

Da gari ya waye mazan unguwa suka cika ƙofar gida. Baba ya fito ba sanda.

"Ban tabbata ba," in ji shi.

"Haba Malam Audu! 'Yarka ce fa take mutuwa!"

"Na sani. Amma ban tabbata ba."

Ya goya Hajara a keke ya kai ta asibiti. Bayan kwana biyu ta rasu. Ba wanda ya taɓa Ladi, ta ci gaba da cin kasuwarta har tsufa. Shi kuwa Baba, shekaru ana nuna shi da baki, wai taurin kansa ya kashe 'yarsa.

Daga baya na karanta littattafan masu falsafa, na Larabci da na Turanci, masu cewa shakka ita ce ƙofar sani. Na yarda da su. Sai dai sun rubuta ta kamar abin da ake yi a inuwa bayan an ƙoshi. Wadda na gani a gidanmu ba ta warkar da kowa ba, ba ta ba kowa natsuwa ba. Hannun mai sanda kawai ta riƙe.

Baba ya ƙarasa rayuwarsa a gidana na Dutsen Kura, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa. Wata rana da hantsi ina yanke masa farce, sai ya ce, "Da na bari ta tsallake ta fa?"

Shekara hamsin ke nan, amma ban tambaye shi wa yake nufi ba.

"Baba, kwananta ne ya ƙare."

"Wannan na sani," in ji shi. "Ba shi na tambaye ka ba."

Ya miƙo mini ɗaya hannun.