Bulo Huɗu, Sai Taga

'Yar kawuna ce, na ba ta shekara shida, amma tun tana rarrafe ta raina ni. A gida Tef muke ce mata. Tana 'yar shekara biyar ta sace tef ɗin awo na mahaifinta ta bi duk abin da ke gidan tana aunawa: ƙofa, bokiti, jelar kyanwa, da kunnena na hagu, wanda ta ce ya fi na dama da rabin inci. Har gobe ban yarda da wannan awon ba.

Kawu birkila ne. Shekara talatin yana ɗora bulo kan bulo. In aka jera katangun da ya gina, sai a zagaye duniya a dawo da ragowar da za a yi banɗaki. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ta motsi: bulo huɗu daga ƙasa, sai taga. Gidan mai hali, gidan talaka, shago, aji, duk haka. Ko akurkin kaji ka ba shi, sai dai kajin su nemi tsani.

Da Tef ta samu gurbin karatun zanen gine-gine a jami'a, Kawu ya kwana uku bakinsa bai rufu ba. Duk rayuwarsa masu naɗaɗɗiyar takarda ke zuwa wurin aiki da takalmi mai sheƙi su nuna masa da yatsa, yau ga mai takardar za ta fito daga gidansa. Ni kuwa, da ni da lissafi muka rabu baram-baram tun aji uku na sakandare, motar ɗaukar kaya nake tuƙawa, don haka aka naɗa ni ɗan dakon allunanta ba tare da an nemi shawarata ba.

Ta haka na san ɗakin da suke kira sutudiyo. Dogon ɗaki ne a saman bene, tebura masu gangare kusan arba'in, kowa da nasa. Ƙasa duk guntayen kwali, ga warin gam, kuma ba ɗalibin da za ka gani ba filasta a yatsa, don reza ba ta san ɗan jami'a ba. Watan farko layi kawai suka yi ta ja. Layi a tsaye, layi a kwance, mai kauri, siriri. Na ce mata in dai wannan ne karatun, ai ni na gama shi tun a firamare. Ta ce shi ya sa har yau ba na iya faka mota a miƙe.

Malaminsu wani dogo ne marar fara'a da suke kira Jan Biro, don duk takardar da ta bi ta hannunsa sai ta fito kamar an yanka rago a kanta. Hannun Tef yana da tsabta, kowa ya shaida. Matsalarta ita ce duk abin da aka ce ta zana, gidan Kawu ke fitowa: ciki biyu da falo, taga a bulo huɗu. Sau biyu Jan Biro yana rubuta mata tambaya ɗaya a ƙasan takarda, wai wa ke zaune a ɗakin nan? Sau biyun kuma makinta bai kai ba. Dokar wurin kuwa, wanda ya faɗi sutudiyo ya maimaita shekara, ko da ya cinye sauran darussa. Saura aiki ɗaya ya rage mata: ta zana ɗaki domin mutum guda da ta sani, ta gina shi da kwali, ƙarami sau ashirin, sannan ta tsaya gaban malamai uku ta kare shi.

Ta zaɓi Kaka, wadda ta haifi Kawu da mahaifiyata. Shekara uku ke nan gwiwoyin Kaka sun ajiye aiki. Wuni take yi a kan katifa a ƙasa, a ɗakin da ke kallon titi, wanda Kawu ya gina da hannunsa. Tef ta kwashe kwana uku tana auna ta: inda hannunta ke kaiwa, inda take ajiye kofi da rediyo, tsayin idonta daga ƙasa in tana zaune. Kaka ta ce in likkafani ake auna mata a gaya mata gaskiya, ta fara yafe wa mutane. A rana ta uku Tef ta gaji ta zube kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaga kai ta dubi tagar. Ba abin da ake gani daga nan sai sama da wayar lantarki. Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa duk wanda ya shiga ɗakin, kafin ya gama gaisuwa Kaka ta tambaye shi wa ya wuce a waje.

Mako biyu ta yi tana gina ɗakin kwalin. Ta ja layin bulo ɗaya bayan ɗaya da fensir a jikin bangon, ta yanka 'yar Kaka ta kwali ta ɗaura mata ƙyalle ta zaunar da ita. Taga kuwa ta sauko da ita bulo biyu. Ranar Lahadi da la'asar ta gama, ta ajiye a teburin falo, ta tafi karɓo manyan takardun zanenta wurin wata 'yar ajinsu.

Kawu ya dawo daga aiki, ya sa tabarau, ya sunkuya yana murmushi. Sai na ga yatsansa yana bin layukan. Ɗaya, biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa. Ya ce yarinyar nan gajiya ta sa ta ɓata lissafi, kuma ba zai bari ta je gaban malamai a ce 'yar birkila ba ta san mazaunin taga ba. Ya ɗauki rezarta ya buɗe sabuwar taga a bulo huɗu, ya yanko kwali ya toshe ta ƙasan, ya ja layukan bulo a kai. Ko ƙuda ba zai gane an taɓa wurin ba. Ina zaune ina kallo. Na san ya kamata in ce wani abu, amma wa ya aike ni tsakanin birkila da taga? Kuma, tsakani da Allah, ina son in ga yadda za ta kaya.

Ya naɗe ɗakin da takardar buhun siminti mai tsabta, ya ɗaure da igiya. Da Tef ta dawo ya ce kada ta kwance sai a can, saboda iska. Har ƙwalla ta yi don daɗi.

Litinin da safe na hau benen da kayan a ka, kamar mai tallan ƙwai. Ƙarfe tara daidai kowa ya ɗora nasa a dogon tebur, kuma daga nan doka ta hana a sake taɓawa. Tef ta kafa takardunta a bango, ta kwance igiya, ta yaye takarda. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo a hankali.

"Ɗan Gwaggo, wa ya taɓa min aiki?"

Na ce ta ƙirga bulon, za ta ga sa hannun mai shi.

Na raɓe a bakin ƙofa tare da wasu 'yan kallo. Ita ce ta huɗu da aka kira. Jan Biro ya dubi zanen bango, ya dubi kwali, ya sake duban bango. Ya ce takarda ta ce taga tana ƙasa, kwali ya ce tana sama, to a cikinsu wanne ne maƙaryaci? Na ɗauka za ta ce babana ne, ta fashe da kuka. Sai ta ce tana neman izinin taɓa aikin sau ɗaya. Malama guda a cikin malaman uku ta ɗaga mata kai. Tef ta sa bakin reza ta ɓamɓare toshin Kawu, taga ta zama biyu, ɗaya bisa ɗaya.

"Malam, don Allah ka durƙusa ka leƙa ta ƙofar, daidai kan tsohuwar."

Mutumin nan mai tsayin falwaya ya naɗe kansa ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara irin ta Kaka. Tef ta tsaya a bayan bangon ta rufe tagar ƙasa da tafin hannu, ta tambaye shi me yake gani. Ya ce silin. Ta ɗauke hannu. Ya ce yanzu yana ganin mutane, har da wani mai manyan kunnuwa a bakin ƙofa.

"Ta saman ita ce inda magini ke sa taga," in ji ta. "Shekara uku kakata tana kallon wayar lantarki ta cikinta. Ta ƙasan tata ce."

Jan Biro ya miƙe, ya ɗauki ɗan toshin ya jujjuya shi, ya tambayi wanda ya yi. Ta ce mahaifinta, birkila ne, ya ɗauka kuskure ta yi. Ya ce a duk teburin nan ba aikin hannu mai kyan wannan, amma ya zabge mata maki goma saboda ta kawo aikin da ba ta duba ba. Abin da ya rage ya ishe ta haye, da ƙyar, kamar motata a kan tudu.

Ni na kai wa Kawu labari, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Ya shiga ɗakin Kaka, ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya jima yana kallon sama. Ranar Asabar aka tashi da ƙarar guduma, Kawu yana sauke tagar Kaka. Tef ta fito da tef ɗinta ta auna, ta ce saura rabin bulo. Kawu ya ce bulo ɗaya da rabi ya sauke, kuma ko shugaban jami'ar ne ya zo ba zai ƙara ba, a sa wa Kaka matashi.

Yanzu Tef tana shekara ta biyu, ta koma auna matakalar bene. Kaka kuwa ta daina tambayar wa ya wuce, ita ke ba da rahoto. Shekaranjiya ta gaya wa mahaifiyata cewa motata ta yi minti arba'in a ƙofar shagon wata budurwa mai ɗinki, kuma ba ta ga an sauke kaya ba.