Igiyar Takalmin Kofur Gwadabe

A Wudil in ka ce Kofur Gwadabe, kafin ka rufe baki wani zai ce, "Wanda ya ceci riga?" To, shi ɗin ne.

Wata Juma'a ce da damina, shekarar da ma'aikata suka sami kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Gwadabe tsohon soja ne, yana gadi a wani ofishi, shi ma ya sami rabonsa. Ya ɗinka farar shadda, ya sayi agogo da takalmi sau-ciki, ya fito zai tafi masallaci yana taku a hankali kamar ƙasar ta aro ce. Ya biyo ta bakin kogi wajen masu wanki, inda muke zaune muna hira. Ruwa ya kawo, ja wur. Sai ya hango wani abu a tsakiya yana tafiya, hannu biyu a buɗe, baya a kumbure. Ko hula bai cire ba, sai ji muka yi tsundum!

Muka miƙe muna salati. Ya cafko abin, ya jawo shi gaɓa, ya kwantar, ya juya shi. Riga ce. Tsohuwar rigar wani mahauci ce ta kuɓuce wa Sabo mai wanki, iska ta cika ta.

Sabo ya leƙa ya ce, "Kofur, tana numfashi?"

Ni kaina, Allah ya yafe mini, sai da na riƙe ciki don dariya. Agogo ya mutu nan take, hula kuwa ta kama hanyar Haɗeja.

Washegari na je jaje, da tsokanata a aljihu, don tare muka yi makarantar allo. Matarsa Lubabatu ta shanya shaddar, ta koma kalar kunun kanwa. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ka yi masa faɗa. Na uku ke nan. Bara kututture ya ceto, bara waccan mushen akuya."

Na ce, "Kai ɗan masunta, tun kana tatata kake iyo. A soja ne aka hana tuɓewa?"

Bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce in saurara.

Farkon yaƙin basasa suka shiga soja shi da Isyaku, wani manomi ɗan Kausani wanda ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. A tashar mota mahaifiyar Isyaku, Uwa, ta kama hannun Gwadabe ta ce, "An ce can ƙasar ruwa ce. Kai ka san ruwa. Ga amanar ɗan'uwanka."

Gwadabe ya ce mini ƙasar ruwa ce kuwa. Sai a kwana goma ana zubawa. Ramin da suke fakewa ya cika har ƙugu, matsattsaku na shan jininsu, ƙwarƙwata ta yi gida a ɗinkin wando. Abinci garin kwaki ne a jiƙa cikin hular kwano, ranar da aka sami gishiri kuwa sallah ce. Itatuwa sun rufe rana, ba ka san gabas ba, sai dai kowa ya fuskanci inda zuciyarsa ta ba shi. Takalmi ba a cirewa, don ba ka san lokacin da za a ce a ruga ba. Isyaku yakan ce in Allah ya mai da shi gida, zai kwanta a tsakiyar gonar gero rana ta gasa shi kamar tsire.

Wata rana da hantsi aka ce su haye wani babban kogi. Kwalekwalen su Gwadabe ya isa gaɓa. Na su Isyaku yana biye, saura kaɗan, aka buɗe masa wuta ya kife. Mutane da bindiga da jaka da takalman soja suka riƙa nutsewa kamar duwatsu.

"Ka san me na yi?" in ji Gwadabe. "Zama na yi ina kwance igiyar takalmi. Haka Babana ya koya mini, ba a shiga ruwa da nauyi. Igiyar ta jiƙe ta ƙulle, ta yi wata guda ba a taɓa ta ba. Isyaku yana kiran sunana, ina cewa ga ni nan. Na cire na dama, har da fatar ƙafata ya fito. Na ɗago, ina ganin hannunsa. Na cire na hagu, na ɗago, sai ruwa."

Ya nutsa ya fi sau goma. Jakar Isyaku kaɗai ya samu.

Lubabatu tana tsaye da kwanon fura, ta manta da shi a hannunta har ya karkace yana zuba. Shekara huɗu da aurensu, ba ta taɓa jin wannan ba.

Da aka gama yaƙi ya kai jakar Kausani. Uwa ta rungume ta, ta tambaye shi abu ɗaya: "Ka shiga?" Ya ce ya shiga. Ta sa masa albarka, tun daga nan kuma duk kaka sai ta aiko masa da damin gero.

"Ban yi mata ƙarya ba," in ji shi. "Amma geron nan da ƙyar yake wuce mini maƙogwaro."

Tun daga ranar na daina shiga cikin masu dariya, amma ban faɗa wa kowa dalili ba, don bai ce in faɗa ba sai yanzu da tsufa ya fara leƙo mu. Sabo kuwa bai fasa ba. Bayan sati biyu muka bi ta bakin kogi, Gwadabe sanye da shaddarsa mai kalar kunu, Sabo ya ɗaga murya:

"Kofur, mahauci yana gaisuwa, ya ce rigar ta warke! Amma don Allah in wando ya faɗa gobe, ka tsaya ka cire takalmi tukuna."

Gwadabe ya tsaya, ya dubi ruwan, sannan ya dubi Sabo.

"Na taɓa tsayawa sau ɗaya, Sabo. Kai dai ka riƙe wankinka da kyau, don ko hula ce ta faɗa, sai na shiga na duba ko da kai a cikinta."