Ƙanena Ya Hau Jirgin Damagaram

A zamanin Nasara fataucin jakai nake yi. Daga Dogon Dutsi in kai goro Damagaram in dawo da kanwa, zuwa kaɗai yakan ci mini kusan wata guda. Ƙanena kuwa kuku ne a gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin garinmu. Ban taɓa ɗaukar aikinsa a bakin komai ba, sai shekarar da maigidansa ya tafi da shi Yamai, daga can suka hau jirgin sama zuwa Damagaram.

Da ya dawo, gidanmu ya cika. Har daga Matankari dangi suka zo jin labari. Ya zauna a tabarmar marigayi babanmu yana cewa sun tashi daga filin jirgin Yamai da hantsi, ya yi sallar azahar a Damagaram.

Na ce, "Ƙarya ta yi yawa. Ni da na san hanyar nan da ƙafata?"

Ya ce, "Yaya, ta bisa garinmu ma muka bi. Na hango dutsen nan namu kamar an kife ƙwarya."

Inna ta riƙe baki. Ta tambaye shi ko ya ga rufin ɗakinta, ya yi dariya ya ce da ta fito tsakar gida da ya gan ta. Tun daga ranar, in ta ji rugugin jirgi sai ta ajiye taɓarya ta fito tana ɗaga hannu sama, alhali yaron yana nan cikin gari yana soya wa Nasara ƙwai. Ni da nake dawo mata da tsaraba, ƙafafuna duk faso, sannu da hanya kawai nake samu.

A tafiyata ta gaba, kusa da Birnin Ƙonni, jirgin ya wuce ta kanmu. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace. Na san kafin in sauke wa jakai kaya ya isa inda ni sai wata ya kusa mutuwa zan isa. Ranar ko furar da aka dama mini ban iya sha ba.

Da Nasara suka tattara nasu ya nasu, aikin kuku ya ƙare, Inna ta roƙe ni in ɗauki ƙanena fatauci. Na amsa da sauri. Kafin mu kai Madawa ƙafarsa ta kumbura, ya zauna gindin gawo ya ce, "Yaya, wai da saura?"

Na ce, "Ai kai ka san hanya. Azahar muna can."

Na ɗora shi kan jaki, ni na bi da ƙafa, kuma ban ɓoye jin daɗina ba.

Da muka sauka masauki a Damagaram, mai masaukin da ya shekara goma yana karɓata ya ji labarin hawan jirgin ƙanena wajen abokan tafiya. Shi ya shimfiɗa wa buzu, ni ya ce in je in ɗaure jakai.