Ranar da Na Hau Sikelin Gyaɗa

Warin daddawa ne ya tono mini wannan zance. Jiya goggona ta aiko mini da ita ƙunshe a leda, wai guzurin tafiya. Ina kwancewa na yamutsa fuska. Daddawar ba ta yi mini laifin komai ba, mai karatu, bari dai ka ji.

Ina shekara shida babana ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila. Malamin makaranta ne a ƙauyenmu, can gaba da Ɗanbatta, inda gonar wannan ke manne da ta wancan, layin gamba kawai ya raba su. Lokacin cirar gyaɗa ne, harawa ta cika kan kowane ɗaki. Aka ce da iyali zai tafi. Kafin azahar na gama sanar da ƙawayena a bakin rijiya cewa zan hau jirgi.

Mako guda turmi bai huta ba a gidanmu. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa. Da aka ji jirgi yana da iyakar nauyin kaya, sai aka aro sikelin da ake auna buhunan gyaɗa, aka kafa shi a tsakar gida. A ɗora jaka, a sauke, a rage, a sake ɗorawa. Na ga an auna akwatin ƙannena biyu, ban ga nawa ba. Sai na yi tunani irin na yaro: ƙila don ba a auna ni ba ne. Na cire takalmi don kada in yi nauyi, na haye sikelin na tsaya cak.

Gida ya kwashe da dariya, goggona har da riƙe ciki. Babana ya juya yana kallon katanga, mahaifiyata ta sunkuyar da kai tana ɗaure bakin leda. Kakata ce ta sauke ni, ta ce, “Ke 'yar fari ce, tawa ce ke. Ina aka taɓa ganin sun wuce da ke a idon jama'a, kamar ba su san kunya ba?”

Ka san al'adar: iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa jan sa a jiki gaban mutane. Ban ƙi ba. Amma kawar da kai a tsakar gida daban, haye teku shekara biyar daban. Sai da na girma na gano takardar babana ta ba shi damar tafiya da 'ya'yansa duka. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne yabon da aka yi ta zuba musu, wai ga masu kara, ga 'ya'yan mutunci. Daddawa ta samu wuri a jirgi, ni ban samu ba.

Ranar tafiyar aka tura ni kalen gyaɗa a gona. Na dawo da ƙwaryata cike, na tarar da sawun taya a ƙofar gida.

Kakata ta riƙe ni tsakani da Allah, Allah ya jiƙanta. Ita ke tsefe mini kai, ita ke rage mini fura. Sai dai duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin sikeli, a yi dariya, ni ma in taya su don kada a ce na ji haushi. Da iyayena suka dawo, mahaifiyata ta ciro tsarabata, jan takalmi. Ko yatsuna bai rufe ba, domin ƙafar da ta bari ta saya wa. Ta dubi kakata, ba ni ba, ta ce, “Ashe ta girma.”

Yanzu ni ce na samu gurbin digiri na biyu a waje, zan tafi da maigidana da yaranmu uku. Makon jiya muka je ƙauye sallama. Gyaɗa ta ja baya, sikelin nan yana zaure ya yi tsatsa, kowa da waya a hannu, amma bakin mutane yana nan yadda na san shi. Goggona ta ce, “Babbar dai a nan za ki bar mana ita, ko?” Babana, da furfurarsa, ya gyara zama ya ce, “Ai haka aka yi da wata, ga ta nan, me ya same ta?”

Wata. Har yau sunana ke nan a bakinsa. Ina durƙushe a gabansa na ce, “Baba, watan ce ta ce a'a.” Ba wanda ya yi dariya. Babana ya juya yana kallon katanga.

Yau da safe muna auna kaya, 'yar farin tawa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu. Na kira sunanta da ƙarfi, gaban surukata da kowa, na ce ta kawo jakarta a fara da ita. Jakar ta ɗara nauyi kaɗan. Daddawar goggo na cire.