Ranar da Na Ɓoye Bukar

Kakarmu Yagana bandar kifi take yi a Nguru, saboda haka mu tatsuniyarmu a bakin murhun banda muke jin ta. Da an idar da sallar magariba za mu kewaye ta, hayaƙi yana korar mana sauro, ita kuma tana juya tarwaɗa tana ba mu labari. Har yau in na ji warin busasshen kifi, muryarta nake fara ji. Ni Falmata ina da shekara goma a lokacin, ƙanena Bukar yana da bakwai. Shi ne ɗan lelenta. "Maigidana" take ce masa, kuma kan kifi mafi maiƙo nasa ne, mu sauran sai dai mu haɗiyi yawu.

Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu. Suka duba mana ido da haƙori, suka ba kowa 'yar kwalba ya yi fitsari a ciki, sannan suka tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya jikin wata doguwar sanda mai lambobi. Manyan azuzuwa aka duba ranar, aka ce ƙanana sai gobe. Ni kuwa bakina ba ya riƙe labari, da yamma na zauna ina zuba wa Kaka, har ina alfaharin na fi ƙawata Hajara tsawo.

Sai hannunta ya tsaya cak a kan kifin.

"Da me kika ce an gwada ki?"

"Da sanda, Kaka."

"Mai rai ake gwadawa da sanda? Innalillahi." Ta jawo ni ta tofa mini addu'a a ka. A garinmu in mutum ya rasu, kara ake ɗaukowa a gwada tsawonsa a kai wa masu haƙar kabari. Kaka ta binne 'ya'ya huɗu, kuma duk huɗun a gaban idonta aka gwada su. Ban san wannan ba sai da na girma.

Can ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai akwai wata tsohuwa, Mai Kara, da ke fitowa daga tafki idan ruwa ya ja baya. Fuskarta a sake, bakinta da zaƙi. Gida gida take bi da busasshen kara a hannu, tana cewa, "Uwar ɗaki, kawo yaron nan in ga yadda ya girma." Uwa ta ji daɗi ta miƙo ɗa. Tsohuwa ta gwada shi, ta karya karan daidai tsawonsa, ta tafi ta dasa a bakin ruwa. Ranar da karan ya yi tsiro, ranar yaron zai fara bushewa. Haka ta yi ta yi, sai mace ɗaya, matar wani masunci, da ta kifa kwale-kwale a kan ɗanta ta zauna a kai. Mai Kara ta zo ta tambaya, ta ce, "Ni Allah bai ba ni ba." Tsohuwa ta shinshina, ta shinshina, ta wuce.

"Shi ya sa," in ji Kaka, murya ƙasa ƙasa, "in kun duba ciyawar bakin tafki, wata doguwa wata gajera. Kowace tsawon ɗan wata ce."

Ba wanda ya yi dariya. Bukar ya ƙanƙame zanena.

Washegari na riƙe hannunsa muka fita kamar makaranta za mu, muka karkata bakin tafki. Na sami wani tsohon kwale-kwale a kife, na tura shi ciki, na hau kai na zauna. Yana ta cewa, "Yaya, zafi," ina ce masa ya yi shiru kar Mai Kara ta ji. Ni dai an riga an gwada ni, na sallama kaina, amma shi ba zan bari ba. Sai da na hango 'yan makaranta suna komawa gida na fito da shi. Kaka ta dubi taɓon da ke ƙafafunmu, ta dubi fuskata. Ranar ni ma na sami kan kifi.

Bukar yana fitsarin jini tun kafin nan. Kusan duk yaran da ke wanka a tafki suna yi, har gasa suke, wai alamar zama namiji ce. Abokinsa Isa ya je makaranta a ranar. Aka ga jinin a kwalbarsa, aka ce tsargiya ce, aka ba shi ƙwayoyi ya haɗiye, ya yi kwana biyu yana ɓata fuska, shi ke nan.

Bayan shekara shida Bukar ya fara tashi da kumburarriyar fuska. Daga baya ƙafafu suka bi. Baba ya kai shi asibiti a Gashua, na bi su don jinya. Likita ya ce ƙoda ce, ciwon ya daɗe yana cin sa. Ya tambayi Baba, "Malam, ba a taɓa duba su a makaranta ba?" Baba ya ce, "An duba su, ranka ya daɗe, har da shi." Ina tsaye da kwanon kunu a hannu. Ban buɗe baki ba.

A gida ya cika, wata safiya. Ina kallo ta labule Kawu ya zaro kara daga dangar gida ya shiga ɗakin, ya fito ya karya shi a gwiwa. Kaka tana zaune bakin murhun da ba wuta. Ta bi karan da ido har ya fita ƙofa, sannan ta juyo ta dube ni.

"Mun ɓoye shi, Falmata," ta ce. "Ashe a cikin kwale-kwalen take."

Ba ta sake ba da tatsuniya ba har ta bar duniya.

Ban taɓa jin haushinta ba. Ƙarya ba ta yi mana ba, abin da idonta ya gani sau huɗu ta faɗa. Na kuma san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma Isa yana nan a kasuwar Nguru yana sayar da kifi, da tumbinsa da 'ya'yansa, kuma duk sanda ya ce mini "Yaya, ina wuni," sai in kasa kallon idonsa.

Yanzu ni ce mai zuwa makarantu a Gashua da kwalabe. Sanda ce dai ba na ɗauka. Da abin awon tela nake gwada yara, irin na ɗinkin kayan Sallah, don ba kakar da ke tsoronsa. Abokan aikina suna ce mini mai naci, domin ba na tashi sai na bi rajista suna bayan suna.

Makon jiya suna ɗaya ya rage. Wata yarinya ta tashi ta ce, "Anti, ƙanena ba shi da lafiya, yana gida." Ba ta dube ni ba. Na dubi ƙafafunta, na ga ɗanyen taɓon kogi har idon sawu.

Na ɗauki kwalba ɗaya na sa a aljihu, na miƙa mata hannu.

"Zo mu je," na ce. "Akwai zafi a inda kika bar shi."